Jakar Baba Labaran

Umbadda, Omdurman
Farkon Nuwamba, 2022

Zuwa ga Yaya Hanan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Uthman da Layla da ƙannenta. Yaya Kano da mutanenta? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran hoton jaririya, amma wanda hula ba ta rufe mata rabin fuska ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Rubutawa na yi na ɗauki hotonta na turo miki, domin kin san gidanmu. Ko a ƙofar gida na tsaya ina yi miki magana a waya, Baba zai ji, kuma zai gyara mini zance daga ɗaki. Maganar kuwa tasa ce.

Kafaɗarsa ta dama ta matsa masa. Ya daɗe yana ɓoyewa, sai da Inna ta lura yana karɓar kofin shayi da hagu, shi da ya sha kwaɗe mana hannu a kan haka. Na kai shi wurin likita a Khartoum. Likitan ya ga fatar kafaɗar ta yi kanta, ya tambayi abin da yake ratayawa, na ce burgamin farauta ne, na fatar akuyan nan da kika sani. Ya ce ko dai Baba ya bar farauta, ko ya bar ɗora nauyi a kafaɗa guda, ya ba shi magani ya ce ya huta. Baba ya yi godiya cikin ladabi. Muna fita ƙofa ya ce mini yaron nan bai taɓa ganin zomo yana gudu ba.

Kin daɗe da tafiya, bari in tuna miki yadda suke. Duk Asabar bayan asuba nakan ɗebe su a boksina, motar da nake dako da ita, in kai su bayan duwatsun Marhiyat in sauke. Daga nan su nausa daji a ƙafa da karnukansu da kere, ba mai bindiga, sai la'asar su dawo da zomo ko zabi, wata rana kuma da gajiya kawai. Yawancinsu dattawa ne. Baba ne shugaba, kusa da shi kuma Ammu Sharafaddeen, amininsa tun suna cirar auduga a Jazira. Tun rasuwar matarsa Nana A'isha ba abin da ke fitar da Ammu daga gida sai masallaci da Asabar.

Doka guda gare su, Baba ne kuma ya kafa ta, tun shekarar da wani abokinsu ya ɓata da tsakar rana ba ruwa a jikinsa don ya dogara da na wani, aka tsince shi a sume. Kowa ya ɗauki ruwansa da na karensa a jikinsa. Wanda ba zai iya ba ya zauna a gida, komai kusancinsa da kowa. Kafin su shiga daji kowa yakan ajiye jakarsa a ƙasa, Baba ya bi yana ɗagawa. In ya ji nauyin ya ce ya isa, mai ita ya ɗauka. Na taɓa ganin ya mayar da ɗan ƙanensa mota saboda rabin jarka, yaron yana roƙo, Baba ko kallonsa bai sake yi ba. Ina jin tsoron wannan halin nasa, kuma wallahi yana burge ni.

To, da kika ce in saya masa jakar goyo mai kyau a matsayin kyautarki, na je kasuwar Suk Arabi na zaɓo wata shuɗiya, marar nauyi, mai zif ko'ina. Na shigo da ita ina taƙama. Baba ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya tambaye ni wace makaranta na sa shi. Ya ce ta yi ƙarama, ya ce zomo zai hango launinta tun daga Kurdufan. Yanzu 'yata Ala'a ce ke zuwa makaranta da ita, tana yi miki godiya.

Ya yarda dai mu je kasuwar Suk Libya tare ya zaɓa da kansa. Ki taya ni da addu'ar haƙuri. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Ubaidullahi

*

Umbadda
Tsakiyar Nuwamba

Yaya Hanan,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya zazzaɓin Layla, ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi. Hoton ya iso, Inna ta zagaya da wayata gidajen maƙwabta har caji ya ƙare.

An sayi jaka. Da kina nan da kin yi dariya har kin gaji, ni kuwa ban san lokacin da na daina jin kunya na fara jin daɗi ba.

Tun daga gida ya cika jarka biyu da ruwa ya ce in ɗauko. Na ce Baba, kasuwa za mu ba daji ba. Ya ce mai sayen jaki ba ya gwada shi ba kaya, shi ma haka zai yi. Muka wuce shagunan sababbin kaya bai tsaya ba, sai can ciki wurin 'yan gwanjo, rumfar wata Hajja Fatna da ta tara jakunkuna har rufi. Ta gan shi da rawani da carbi ta ɗauka jikansa zai saya wa, ta fara miƙo masu hoton zomo da mota. Da ta fahimci shi ne mai goyon, ta aika aka kawo masa jabana, gahawar nan tamu, ta gyara zama don ta yi kallo.

Duk mai zif a bakinta ya ture ta gefe. Ya ce yashi ne ajalin zif, wata biyu a daji ya cije, shi yana son mai bakin da ake zugewa da igiya a kifa murfi a kai. Ya riƙa murza yadin kusa da kunnensa, wadda ta yi ƙara ya ajiye, wai zomo da kunne yake rayuwa. Ya zaro ƙayar da ya zo da ita a aljihu yana karce gindin kowace jaka a hankali, Hajja Fatna tana cewa ya haj, a yi sannu, kayan mutane ne. Ya juye su ciki waje yana duba ɗinkin da ya riƙe hannayen goyo, domin a cewarsa nan jaka take fara mutuwa. Wata ya taka ta da ƙafa ya ce in ja hannun da ƙarfina. Na ja, ɗinkin ya yi ƙara, muka mayar da ita cikin tulin ba mu kalli Hajja ba.

A can ƙasa ya tono wata mai launin ƙasa, yadinta kauri kamar tamfol, ta sha jiki amma ba huji ko ɗaya. Bayanta da sanduna biyu na ƙarfe marar nauyi a ɓoye cikin yadi, hannayenta masu faɗi da soso, ga wani maɗauri mai kauri da ake zagayawa a ƙugu. Wannan maɗaurin da farko ya raina shi, ya ce shi ba mai jego ba ne da zai sha ɗamara. Na roƙe shi ya gwada. Muka zura jarkokin biyu ciki, na ɗora masa, na ɗaure ƙugun tam, na ɗan sassauta na kafaɗa. Ya ɗaga kafaɗar dama, ya sauke, ya sake ɗagawa. Nauyin duk ya sauka a ƙugu, har ina iya zura yatsuna tsakanin kafaɗarsa da hannun jakar.

Daga nan ya kama tafiya. Ya bi layin masu takalma har ƙarshe, ya dawo ta na masu atamfa, ya tsuguna ya miƙe, ya sunkuya kamar zai ɗauki kere, ya ɗan yi sassarfa. 'Yan kasuwa suna ta tsokanarsa yana amsa musu da hannu. Yaya, mutumin nan ya haura saba'in, amma da kin ga bayansa a miƙe da yadda yake ajiye ƙafa, da kin ce Allah ya ba mu rabin ƙarfin zuciyarsa. Na tsaya riƙe da rawaninsa ina jin alfahari kamar ni na haife shi.

Abu ɗaya ne ya ɓata mana. Jakar ta yi girma. Akwai ƙanwarta a tulin, iri ɗaya, wadda za ta ɗauki jarka guda da dabino da gurasa da abin da aka kamo, daidai yinin mutum ɗaya. Na nuna masa, na tuna masa maganar likita, na ce me zai yi da jarka biyu. Ya ce, "Ban tambaye ka ba, Ubaidu." Kin san muryar. Muka ɗauki babbar. A hanya ya sa muka tsaya wurin baduku ya ƙara mata fata a gindi saboda duwatsu.

Wani abin kuma. Tun da ya fara jinya bai fita ba, Ammu Sharafaddeen ma ya ƙi fita, wai ba zai je ya bar amininsa a kwance ba. Hadi ne ke jan sauran, kin tuna shi, ɗan Malam Rabi'u mai gyaran injin ban-ruwa, yanzu shi ma furfura ta fara masa. Jiya ya zo gaisuwa, ya ce ko Baba ya dawo shi zai ci gaba da ɗaga jakunkuna don a huta wa kafaɗar. Magana ce ta ladabi, amma Baba ya haɗe rai har Hadi ya tashi bai shanye shayinsa ba. Na ɗauka kishin shugabanci ne, na ce tsufa ya fara taɓa mana shi.

Inna da matata Su'ad da Ala'a suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Ubaidullahi

*

Umbadda
Ƙarshen Nuwamba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ina fata kowa lafiya. Wannan ki karanta ke kaɗai, kada ki tura wa kowa, ko Inna ba ta sani ba.

Na yi wa Baba mummunar fahimta. Shekaranjiya da rana tsaka ya same ni a tasha inda muke jiran dako, abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga gaban mota ya ce in ɗaga gilashi.

Kin tuna aikin da aka yi wa Ammu Sharafaddeen a ciki shekara biyu da suka wuce? Tun daga lokacin aka hana shi ɗaukar nauyi. Tafiya kam yana yi, ko matasa ba sa cim masa, amma jarkar ruwa ta fi ƙarfinsa. A dokarsu ya gama farauta ke nan. Baba ya ce ranar da Ammu ya zo ya gaya masa haka, matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, ya dube shi ya san in ya zauna a gidan nan shi kaɗai ba zai kai baɗi ba. Sai ya ce masa ya zo kawai. Jarkar da ke cikin jakar Ammu, wadda yake naɗewa da buhu kamar ta kowa, ba komai a cikinta. Baba yakan ɗaga ta ya ɗan yi nishi ya ce ya isa. Ruwan Ammu da na karensa yana cikin burgamin Baba, tare da nasa, a kafaɗa guda. Ta Baba kuwa ba mai ɗagawa. In rana ta take su biyun sukan ware su zauna ƙarƙashin itace ɗaya, kowa ya san al'adarsu ce tun da can.

Na tambaye shi in suka rabu a daji fa, ba abin da ya kafa dokar don shi ke nan ba? Ya ce shekara biyu bai bar inuwar mutumin nan ta ɓace masa ba, zomaye nawa ya ƙyale suka wuce don kada ya yi nisa. Ya ce ya san ya karya dokarsa, kuma kullum yana neman gafara, amma in aka sake dawo da ranar haka zai sake yi.

Abin da yake so daga gare ni kaɗan ne. Asabar mai zuwa zai koma daji. In mun isa, ni zan sauko da jakar Ammu da hannuna in ajiye ta a gaban Baba, kada kowa ya taɓa. Hadi ya ɗaga na sauran, shi kuma zai ce ta sa'ansa shi zai ɗaga ko da hagu ne. In Hadi ya riga shi, magana ta ƙare, domin Hadi a hannun Baba ya koyi rashin sassauci.

Na amsa masa. Ban sani ba ko daidai na yi. Ina tsoron kafaɗar, ina tsoron ranar da ƙafar ɗayansu za ta gurɗe a nesa da ɗayan. Amma Yaya, duk tsawon rayuwata ina ganin Baba mutum ne mai tauri wanda doka ta fi masa kowa, ashe ban san shi ba. Da ya sauka daga motar na bi shi da kallo har ya shige cikin mutane, idona ya cika da hawaye, wani direba yana tambayata ko lafiya.

Ki sa mu a addu'a ranar Asabar.

Ƙanenki,
Ubaidullahi

*

Umbadda
Disamba

Zuwa ga Yaya Hanan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, yara da babansu. Na ga saƙonninki, ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Kowa lafiya, ba abin da ya samu kowa. Na dai rasa ta inda zan fara ne.

Mun isa bayan Marhiyat rana tana fitowa, da ɗan sanyi. Jakar Baba ta sha kallo. Wannan ya shafa yadin, wancan ya ja maɗaurin ƙugu, wani ya ce Labaran ya koma soja. Baba yana goye da ita ya ƙi saukewa, yana ta bayanin zif da yashi kamar shi ya ɗinka ta. Na sauko da jakar Ammu na ajiye a gabansa. Hadi ya bi layi yana ɗagawa. Da ya zo kan ta Ammu, Baba ya ce wannan shi zai ɗaga. Hadi ya ja da baya cikin girmamawa. Baba ya ɗaga da hagu, ya ce ya isa. Na sauke ajiyar zuciya, na ce an wuce wurin.

Sai igiyar takalmin Baba ta kwance. Ya kwance maɗaurin ƙugu, ya zame jakar ya jingina ta da tayar mota, ya tsuguna. Ammu yana cikin nishaɗi ranar, ya daɗe bai shaƙi iskar daji ba. Ya matso yana dariya, ya ce bari shi ma ya ga amaryar nan da ake ta yabo. Ya kama hannunta ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu, ta ɗan ɗagu ta koma.

Ya san Baba na ɗaukar masa ruwa, amma bai taɓa ɗaga kayan da hannunsa ba, domin Baba bai taɓa barin burgamin a inda zai taɓa ba. Ya tsaya yana kallon jakar, sannan ya kalli kafaɗar Baba.

Ya ce, "Labaran, haka take kullum?"

Baba ya ce sabuwar jaka ce mai nauyi, ƙarfe ne a bayanta.

Ammu ya buɗe tasa jakar, ya zaro jarkar, ya warware buhun, ya cire murfin, ya kifa ta a gaban kowa. Ko ɗigo bai zubo ba. Ya gaya musu komai a taƙaice, ya ce laifin nasa ne, kada wanda ya ga baƙin Labaran. Ya ce ranar da aka kafa dokar yana wurin, da bakinsa ya ce ya yarda.

Baba ya miƙe a fusace, ya ce wa ya tambaye shi, ya ce jakar nan an zaɓe ta ne don wannan aikin kuma tana yi, kafaɗarsa ba ta san da kaya ba. Hadi, Allah ya yi masa albarka, ya ce a raba ruwan Ammu a tsakaninsu, kowa ya ɗauki kaɗan, sauran duk suka goyi baya. Ammu ya yi musu godiya ya ƙi. Ya ce yau su raba, gobe wani ya ce shi ma a raba nasa, har a koma inda aka fito. Ya miƙa wa Baba kerensa da igiyar karensa.

Ya ce, "Kai shi ya yi gudu, shi bai tsufa ba. Ni ina nan wurin Ubaidu."

Baba ya tsuguna ya kwance bakin jakar, ya ciro jarka ɗaya, ya kai ta inuwar mota ya ajiye kusa da ƙafar Ammu, ya ce ga ruwanka. Ya goya jakar, ya ja igiyoyin gefe ya matse inda ya zama fanko, ya kama hanya da karnuka biyu. Bai waiwayo ba. Hadi ya ɗauki ƙaramin galan daga motata saboda karen Ammu, ya bi bayansa.

Mun yini ni da Ammu a inuwar boksi. Na dafa shayi. Ya ba ni labarin Jazira, da yadda Baba ya taɓa goya shi daga gona har bakin titi ranar da maciji ya sare shi, ya ce mutum ɗaya ba zai goya ka sau biyu a rayuwa ba kana kallo. Ya riƙa gaya mini inda suke ba tare da ya gan su ba, yanzu sun kai kwarin ƙaya, yanzu sun zauna cin dabino. Ban taɓa ganin mutum ya ajiye abin da yake so da irin wannan natsuwar ba. Su biyun nan, Yaya, ban san wanda ya fi burge ni ba.

Da la'asar suka dawo. Baba ya kamo zomo biyu, ya ajiye duka a gaban Ammu, ya ce karen Ammu ne ya kama. A hanyar dawowa su biyun suna gaba tare da ni har muka shigo Umbadda. A ƙofar gidan Ammu Baba ya sauka ya raka shi ciki, na jira shi har aka kira magariba.

Da muka iso gida na taya shi sauke jakar, na tambaye shi kafaɗar. Ya ce lafiya lau. Ya ce in rubuta miki in ce ya gode, Allah ya yi miki albarka, jakar ta yi, yini guda bai ji nauyin komai ba. Da ya faɗi haka sai ya shige ɗaki, bai fito cin abinci ba.

Ki kira shi in kin samu dama, amma kada ki yi masa zancen. Inna da Su'ad da Ala'a suna gaishe ku. Ki shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Ubaidullahi Labaran